Kafin ka miƙa mishi hamsin, ka tambaye shi inda yake kwana

Salamu alaikum jama'a. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa nan cikin garin Sakkwato, maganar ga ta naƙasassun da ba su da wurin kwana ta daɗe tana cina a rai, sanyin bana ne ya sa na kasa ci gaba da yin shiru.

Akwai wani dattijo da ke zuwa wurinmu wankin gyambo, shan inna ta shanye mishi ƙafafu tun yana yaro, da ɗinkin takalmi yake ci da kanshi a bakin kasuwa shekara da shekaru, bai taɓa bara ba. Gyambon a mazaunai yake, irin wanda yawan zaman keke ke kawowa. Mu wanke mu sa bandeji, bayan kwana uku ya dawo bandejin ya yi baƙi ƙirin ga wari, har ranar nan na fara yi mishi faɗa, na ce Baba kai dai ba ka jin magana, ba na ce ka riƙa kwanciya rub da ciki kan tabarma mai tsabta ba? Sai ya yi murmushi ya ce ɗiyata, tabarmar a ina zan shimfiɗa ta. Ashe wata huɗu kenan da mai gida ya ƙara kuɗin haya ya kasa biya, kayanshi na cikin buhu biyu a wurin wani mai shayi, shi kuma in an rufe shaguna sai ya ja kekenshi wata baranda ya kwana a zaune, don in ya sauka ƙasa yana tsoron barci ya ɗauke shi a sace keken. Wallahi kunya ta kama ni. Wata huɗu ina ba shi shawarar masu ɗaki.

Talauci kam ba baƙo ba ne a nan, rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya na cikin talauci ta fuskoki da yawa, mutum miliyan 133, mu kuma Sakkwato mu ke kan gaba da kusan kashi 91. To amma ko a cikin talakawa akwai wanda talaucinshi ya fi tsada. Kai mai ƙafa in kuɗin kabu-kabu ya gagare ka sai ka taka, gurgu dole ya ɗauki shatar keke napep a loda shi da kekenshi, makaho dole ya biya kuɗin mutum biyu, nashi da na ɗan jagora, kuma tun da anka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma. Ɗakin haya ma ba kowane zai iya zama ba, sai wanda ba matakala, sai wanda zai iya shiga ban ɗakinshi. Ga kuma 'yan uwanmu da 'yan bindiga sunka koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah sun cika kangaye, a cikinsu akwai makafi da tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki da anka goyo a baya aka gudo da su.

Sai maganar alawus. A zamanin gwamna Wamakko ne jihar ga ta fara biyan naƙasassu naira 6,500 duk wata, lokacin kuɗi ne masu ɗan auki, mutum zai auni gero ya sayi sabulu. Yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma masu karɓarshi ma kuka suke, balle mai jiran tallafi. Duk da haka ni ban raina shi ba, wanda bai da komi ko dubu biyu ta raba shi da kwana da yunwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne waɗanda sunka fi buƙata su ne sunansu ba ya shiga takarda. Kusan duk wani tallafi na yanzu, na jiha ko na tarayya ko na ƙungiyoyi, sai an nemi lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa da lambar waya da asusun banki, wani lokaci har shaidar mai unguwa. To mai kwana a baranda wace unguwa zai ce tashi ce? Wayar an sace, layin ya mutu, takardar NIN ruwan damina ya jiƙa ta ta narke cikin buhu.

Baban nan namu shi yana da asusu, amma katin ATM na hannun ɗan wanshi da ya ce zai riƙa ciro mishi don kar ya sha wahalar layi, shekara ta zagayo bai san nawa ke shiga ba. Wannan ya yi yawa a garin ga, kuma ba baƙo ke yi ba, na gida ne. Don Allah katinka ya zauna hannunka, lambar sirri ta zauna cikinka, in ka je wurin mai POS ka sa a karanta maka rasit ko ka tafi da wanda ka yarda da shi. Duk wanda ya ce ka kawo dubu biyu ya sa sunanka a tallafi ɓarawo ne, rajistar NIN ta farko ma kyauta ce. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu kar ya ce shi ba ya da rabo don ana ɗaukar zanen yatsa wurin rajistar, a kai shi a yi wa masu rajista bayani.

Mutane da yawa ba su san akwai doka ba. A Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, ita ta kawo hukumarsu ta ƙasa, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, a ba su fifiko a layi, ta haramta a yi amfani da naƙasasshe wajen bara, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda keke zai shiga. Shekara biyar ɗin sun cika tun 2024. Ku dai zagaya gari ku ƙirga matakalu, har da na wasu asibitoci, ni kaina na sha kama gefen keke mu ɗaga mutum sama kamar buhun albasa.

Ta ɓangarenmu na lafiya kuwa, naƙasa da yawa da muke gani da an zo da wuri da ba ta kai haka ba. Tabo mai haske a fata wanda in an taɓa ba ka ji, kar a tsaya shafa man gargajiya, a je a duba, maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ko 12 ake sha, ga asibitin Amanawa nan, kuma wanda ya fara shan magani ba ya sa wa kowa, babu dalilin korarshi daga gida. Yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda ka ga dasashi ya kumbura yana wari kumatu ya fara tashi, ranar za a kai shi asibitin Noma da ke cikin gari, Noma ɗin sunan ciwon ne mai cin baki da fuska, kyauta ake yi, kwanaki kaɗan ciwon ke buƙata ya huda fuska. Mai taɓin hankali da anka gaji da shi aka bari yana yawo kan bola, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, da yawa suna dawowa hayyacinsu in sun samu magani ba yankewa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya lokacin zafi, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba, shi ke barin yara da kurumta. Riga-kafin shan inna kuma na gaji da roƙo, ku dubi Baba kawai.

Ban ce a daina sadaka ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake mai hamsin ɗin nan da kake wucewa kullum ƙofar masallaci, ranar guda ka tsaya ka tambaye shi ina yake kwana, yana da NIN, wa ke riƙe da katinshi. In ba ya da, ka ɗauki safiya guda ka kai shi. Ka haɗa shi da Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu na yankinku don galibi ta hannunsu ake jin labarin rajista, ka rubuta mishi takardar neman taimako zuwa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, su ma suna taimakawa da magani. Masu gidajen haya kuma, musamman mai zaure da ba kowa ciki sai tsohon babur, ku ji tsoron Allah a wanga hunturu.

Shi Baba mun kai maganarshi wurin mai unguwa, wani alhaji ya ba shi zauren gidanshi, ɗana ya raka shi banki anka toshe tsohon katin. Ɗan wan nashi har yau ba ya gaishe ni. Gyambon ya fara tsukewa daga gefe, yanzu Litinin da Alhamis kawai yake zuwa wanki, jiya ma ya karɓe min takalmin aiki ya ce sai ya sake mishi dunduniya.