Tiyatar jijiyar zuciya ba sallama ba ce

A Sakkwato, in aka yi wa yaro aikin buɗe babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wadda aka haife shi da ita a tsuke, sai dangi su ce an rabu da ciwo, a jefa katin asibiti ƙasan akwati. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna.

Aikin yana ceton rai, babu shakka. Amma hawan jini kan dawo bayan shekaru, ko da ɗinkin ya yi kyau, kuma ba ya sanarwa. Wurin da aka gyara na iya sake tsukewa yayin da yaro ke girma, musamman wanda aka yi wa aikin yana jariri. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne bangon jijiyar ya yi rauni ya kumbura kamar balan-balan, mutum na yawonsa lafiya, har ranar da zai fashe.

Shi ya sa likitan zuciya ke auna jini a hannun dama da ƙafa, ya kuma nemi hoton jijiyar lokaci-lokaci, har tsufa. Yarinyar da aka yi wa aikin, a kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba ta kafin ta ɗauki ciki.