Mene ne giril, kuma me ya sa samari ke shafe shi da baƙin fenti?

Idan ka tsaya a gaban mota ka dubi tsakanin fitilun nan biyu, ƙasa da bonet, za ka ga wani abu mai ramuka ko layi-layi, galibi da tambarin kamfani a tsakiyarsa. Shi ne makanikai da masu sayar da kayan gyara ke kira giril. Asalin kalmar Faransanci ce, tana nufin shingen ƙarfe irin na taga, ta biyo ta Turanci ta faɗo garejinmu. Wasu kan ce ragar gaba, wasu kuma hancin mota. Na biyun ya fi kwanta mini a rai, domin ta nan motar ke shan iska.

A bayan giril kondansar esi take, bayanta lagireto, sannan fanka. Ruwan da ke zagaya inji yana aiki ne a wajen digiri 90, kuma iskar da ke kutsawa ta ramukan nan idan mota na gudu ita ke kwashe masa zafi. Shi ya sa za ka ga motar lantarki irin Tesla gabanta a shafe, don ba ta ƙona mai balle ta nemi iska mai yawa haka.

Da tafiya ta yi nisa sai kamfanoni suka mai da shi kamar tsagen gado. BMW na da nata mai gida biyu, wanda ake kira ƙoda, tun 1933. Jeep ramuka bakwai ne a tsaye. Daga nesa ka hango fuskar ka san gidan da ta fito. To mai Corolla ko Honda 'yar Kwatano da ke son tasa ta fita daban a kan titin Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ba shi da wurin farawa mai arha kamar nan.

Abin da ya fi yawa yanzu shi ne kashe ƙyalli. Wancan abu mai walƙiya da mutane ke ɗauka ƙarfe ne, a yawancin motocin zamani roba ce mai tauri aka lulluɓe da kurom. Ana kwance giril ɗin, da sukudireba da haƙuri, saboda 'yan maƙalan roban da ke riƙe da shi rana ta gama gasa su, kana matsawa sai ka ji ƙas. A wanke da omo, ya bushe, sannan a bi shi da samfefa mai lamba 320 ko 400 har ƙyallin ya dushe gaba ɗaya. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Fenti ba ya kama jikin kurom mai santsi, ranar farko zai yi kyau kamar daga kamfani, zuwa wanki biyu ya fara saɓulewa kamar fatar maciji. Bayan samfefa a rufe tambari da salatif, a fesa faramar roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama jikin roba, sannan baƙin fentin gwangwani daga nisan kamar santimita 25, shafi uku ko huɗu marasa kauri, ana ba da minti goma zuwa sha biyar a tsakani. Akwai kuma wani fentin roba, Plasti Dip, wanda idan ka gaji da shi sai ka ɓare abinka da hannu, shi ba ya buƙatar samfefa.

Lokacin aikin ma abin lura ne a garin nan. Ka fesa a tsakar gida da iskar hunturu, ƙura ta zauna a kan ɗanyen fenti, ka samu giril mai ƙuraje. Ka fesa da tsakar rana a watan Afrilu, fentin ya bushe tun bai sauka ba. Da sassafe, a inuwa, a yayyafa wa ƙasa ruwa.

Hanya ta biyu ita ce sa raga. A yanke layukan tsakiya, a bar zagayen, a ɗaure ragar alminiyam ta baya da 'yan igiyoyin roban nan da masu wayarin ke amfani da su. Tana kyau, kuma tana tare tsakuwa da fara kada su lanƙwasa haƙoran lagireto. Amma girman idon ragar shi ne magana.

Ƙanena ya taɓa yin wannan aiki da ragowar wayar sauro da aka sa wa tagogin gida. Ranar da ya gama har kirana ya yi: "Yaya, fito ka ga mota ta koma ta 'yan gayu." Ta yi kyau kam. Hunturu ya wuce, ƙura da ƙwari suka liƙe idanun ragar, bai lura ba. Da bazara ta kama muka ɗau hanyar Daura gaisuwar rasuwa, esi na aiki, ba mu kai rabin hanya ba allurar zafi ta haura. Da muka tsaya na shafa ragar, sai ka ce tabarma. Da filaya muka yage ta a bakin titi, muka jira inji ya huce. Allah ya taimaka gaskit bai ƙone ba, da kuɗin kwalliyar ya ninka sau barkatai. Ragar da fensir ba zai shiga idonta ba, ban yarda da ita a garin da zafi kan haura digiri 40 ba.

Sababbin motoci kuma suna da nasu tarkon. A yawancin Toyota na 'yan shekarun nan, na'urar da ke hango motar gaba ta taka birki da kanta a bayan tambarin giril take ɓoye. Ka lafta wa tambarin fenti ko ka gitta masa ragar ƙarfe, sai fitilar gargaɗi ta kama a dashbod. Lambar mota ma kada kwalliya ta rufe ta, don 'yan Rod Sefti ba ruwansu da kyan aikinka.

Ƙanen nawa dai ya sake ɗaura wata ragar, mai manyan idanu, kuma duk ranar wanki da tsohon buroshin haƙori yake bin ta.