Waiwaye: Ledar jini, ciwon hanta da allurar intaferon

Duk mai rainon yaro mai sikila a Katsina ya san daren da likita zai leƙo ya ce jini ya yi ƙasa, a nemo leda biyu. A wannan sa'ar babu mai tuna hanta. Waya ake ta bugawa, ko Allah zai sa a dace da wanda jininsa ya zo ɗaya da na yaron. Akwai waɗanda suka riga mu ganin abin da ke biyo bayan ƙarin jini na shekara da shekaru, su ne masu cutar talasimiya.

Ita ma gadonta ake yi kamar sikila, sai dai a nan jiki ne ke kasa ƙera isasshen sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Likita Thomas Cooley na Detroit a Amurka ne ya fara bayyana ta a 1925. Ta fi yawa a gaɓar Bahar Rum, da Iran, Fakistan, Indiya har Tailan. Mai tsananin ba kasafai ake ganin ta a wajenmu ba. Yaron da ke da ita, duk bayan mako uku ko huɗu sai an ƙara masa jini.

Jinin ya raya su, amma ya zo da nasa kayan. Kowace leda na ɗauke da kimanin miligiram 200 na sinadarin ƙarfe, jiki kuwa ba shi da ƙofar fitar da rarar, sai ta taru a zuciya da hanta. Wannan ƙarfe yana dakushe fararen ƙwayoyin jini masu cinye cuta. Da yawansu kuma an cire musu saifa, ga ta ita ce matatar da ke tare wasu cututtuka masu saurin kisa. Garkuwar jikin ma kullum cikin karo take da jinin baƙo, har ta koyi yaƙarsa, samun ledar da za ta dace ya ƙara wuya.

A kan irin wannan jiki ciwon hanta ya sauka. Tun a shekarun 1970 likitoci ke ganin hanta na kumbura bayan ƙarin jini, a gwada a ga ba ƙwayar ciwon hanta nau'in A ba ce, ba B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar nau'in C. Kafin a fara tantance jini a farkon shekarun 1990, ta riga ta shiga jikin ɗimbin masu talasimiya.

Maganin da ke hannu a lokacin shi ne intaferon, sinadarin da jiki da kansa ke fitarwa idan ƙwayar cuta ta bairos ta shigo, wanda Isaacs da Lindenmann suka gano a Landan a 1957. Amurka ta amince da shi don nau'in C a 1991. Allura uku a mako, wata shida zuwa shekara, ga zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ƙuncin rai da raguwar fararen ƙwayoyin jini, kuma waɗanda suka warke ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, shi maganin, garkuwar jiki yake zaburarwa, su kuwa garkuwarsu ta riga ta jigata. Da aka haɗa shi da maganin ribabirin a 1998 warkewa ta ƙaru, sai dai ribabirin fasa jajayen ƙwayoyin jini yake yi. Mai talasimiya sai ya koma neman ƙarin leda, ƙarfe ya daɗa taruwa. Gaba kura, baya sayaki.

Sauƙi ya zo a ƙarshen 2013 da ƙwayar maganin sofosbubir. Yanzu mako 12 ake shan ƙwayoyi, fiye da kashi 90 cikin ɗari suna rabuwa da cutar, babu allura.

Mu a nan, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Cikinsu muke neman masu ba da jini. Ka'ida ita ce a gwada kowace leda don ƙanjamau, B, C da tunjere, kuma haƙƙin uba ne ya tambaya ko an yi, komai gaggawar daren. Nau'in B yana da rigakafi, yana cikin alluran yara tun 2004. C ba shi da shi, yana kuma iya shekara ashirin bai nuna ko shawara a ido ba. Duk mai sikilar da aka sha ƙara wa jini, a Katsina yake ko Daura, ya dace a duba hantarsa. In gwajin farko ya nuna C, akwai na biyu mai ƙirga ƙwayar a cikin jini, shi ke tabbatar da ko tana nan har yanzu.