Me ake nufi da wariyar launin fata a filin ƙwallo?

Wanda ya girma da rediyo a kunne ya san kalmar tun zamanin Mandela yana kurkuku. A lokacin, in an ce "wariyar launin fata", Afirka ta Kudu ce ke faɗo wa mutum a rai, inda doka ta raba unguwa, makaranta, har bencin zama tsakanin fari da baƙi. Wancan mulki ya kau a 1994, amma kalmar ba ta bi shi kabari ba. Yanzu an fi jin ta a labarin wasanni, musamman ranar Litinin bayan an buga La Liga ko Serie A.

Tushenta "ware" ne, kamar yadda ake ware tsakuwa daga shinkafa. Wariya ita ce a fitar da mutum daga cikin jama'a a ajiye shi gefe. In aka ƙara "launin fata", to dalilin fitarwar ke nan: halittar da Allah Ya yi masa, wadda bai zaɓa ba kuma ba zai iya cirewa ba. A filin ƙwallo tana zuwa da kukan biri daga 'yan kallo, ko jifa da ayaba, ko zagi daga bakin abokin karawa, ko ruwan ashar a Instagram bayan an tashi.

Muhawarar da na fi ji a gidan kallo ita ce: "Ai zolaya ce, kowane ɗan wasa ana yi masa ihu." Gaskiya ne ana yi wa kowa ihu. In ka ɓarar da fanareti, ko ka bar kulob ka koma wurin abokan gaba, za ka sha. Mu ma muna da wasan barkwanci mai zafi, na Fulani da Barebari, na Kanawa da Zagezagi, na taubasai. Sai dai wannan wasa yana da ƙa'ida: kowa na da bakin ramawa. Kukan biri kuwa tarihi ne da shi. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a sashen birai na gidan namun dajin Bronx da ke New York, mutane na tururuwa su kalle shi. Har a 1958, a baje kolin duniya na Brussels, an kafa "ƙauyen Kwango" da mutane a ciki ana leƙensu ta bayan shinge. Wanda ya yi wa baƙar fata kukan biri a Turai, wannan tsohon zance yake maimaitawa, cewa kai ba cikakken mutum ba ne. Ɗan wasan ba shi da wata kalma da zai mayar wadda nauyinta ya kai wannan.

Misalin da ya fi fito da ma'anar kalmar a fili shi ne abin da ya faru a filin Mestalla ranar 21 ga Mayun 2023, Valencia da Real Madrid. Vinícius Júnior, ɗan Brazil mai buga wa Real Madrid, ya tsaya a bayan raga yana nuna mutumin da ke yi masa kwaikwayon biri. An dakatar da wasa kusan minti goma, aka yi sanarwa a lasifika, aka ci gaba. Daf da tashi rikici ya kaure, wani ɗan wasan Valencia ya shaƙo wuyansa ta baya, ya fizge hannunsa ya sami fuskar mutumin, alƙalin wasa ya duba bidiyo ya ba shi jan kati. Wanda aka wuni ana zagi shi ne ya fita. Daga baya hukumar ƙwallon Sifaniya ta soke katin, a Brazil kuma aka kashe fitilun mutum-mutumin nan na saman dutsen Rio de Janeiro na awa guda don nuna masa goyon baya. A Yunin 2024 kotu ta yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata takwas da haramcin shiga filin wasa na shekara biyu. Shi ne karo na farko da aka hukunta wani a kotun Sifaniya kan zagin wariya a filin ƙwallo. A lura da shekarar. Samuel Eto'o ya nemi ficewa daga fili a Zaragoza kan irin wannan ihu tun 2006.

A nan nake ganin mutane da yawa ke taƙaita kalmar. Zagin rabi ne kawai. Sauran rabin shi ne abin da masu iko ke yi bayan an yi zagin, kuma sau da yawa wanda aka zalunta ake juyowa kansa. Sulley Muntari na Ghana, yana Pescara a 2017, ya je wurin alƙalin wasa a Cagliari ya kai ƙara. Aka ba shi katin gargaɗi. Ya fice daga fili, aka ƙara masa wani, aka dakatar da shi wasa ɗaya, sai da duniya ta yi ca kafin a janye. A 2019, a Cagliari dai, Moise Kean na Juventus ya ci ƙwallo ya buɗe hannuwa gaban masu yi masa ihu, sai abokin wasansa Leonardo Bonucci ya ce laifin rabi da rabi ne. Haka ake ce wa Vinícius ya daina rawa in ya ci ƙwallo. Ni ma akwai halayensa a fili da ba na so, yawan ƙorafi ga alƙalin wasa na ciki, amma hukuncin ƙorafi katin gargaɗi ne, kuma Turawa masu tsokana sun cika fili ba a kira su birai ba.

'Yan Najeriya ma sun ɗanɗana. Lokacin da Peter Odemwingie ya bar Lokomotiv Moscow zuwa West Brom a 2010, magoya bayan tsohon kulob ɗinsa suka ɗaga ƙyalle mai hoton ayaba suna gode wa West Brom da ta ɗauke shi. Haihuwa a Turai kuma ba ta kare kowa. Bayan wasan ƙarshe na gasar Turai a Wembley cikin Yulin 2021, Rashford da Sancho da Bukayo Saka, baƙaƙen 'yan wasan Ingila, suka ɓarar da fanareti, kafin gari ya waye shafukansu sun cika da hoton biri. Mako guda kafin nan gwarazan Ingila ne su.

Akwai kuma wariyar da ba ta da ihu, wadda ta fi wuyar kamawa. Wani bincike da kamfanin RunRepeat ya yi tare da ƙungiyar 'yan wasan Ingila a 2020 ya saurari masu sharhi a manyan gasannin Turai, ya gano yabon basira da hangen nesa ya fi zuwa ga masu farar fata, baƙaƙe kuma ƙarfi da gudu. Ka saurara da kanka a wasan gaba. Wanda aka shekara goma ana yabon ƙwanjinsa ba a ambaci kansa ba, da wuya a tuna da shi ranar da ake neman koci. Wani rahoto na 2022 ya ce kashi 43 cikin 100 na 'yan wasan Firimiya baƙaƙe ne, amma a kujerar masu horarwa yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga su.

Dokar da ake da ita ana kiranta matakai uku, UEFA ta fito da ita a 2009: alƙalin wasa ya tsayar da wasa a yi gargaɗi, in ba a daina ba 'yan wasa su koma ɗakin canza kaya, in aka ci gaba a soke wasan baki ɗaya. A Sofia cikin Oktoban 2019 an tsayar da wasan Bulgeriya da Ingila sau biyu, washegari shugaban hukumar ƙwallon Bulgeriya ya ajiye aiki. A taronta na Bangkok a Mayun 2024, FIFA ta ƙara alama: ɗan wasa ya gitta hannuwansa biyu a wuyan hannu, alƙalin wasa ya san an fara. Mataki na farko ana yawan gani. Na uku kuwa, wanda zai taɓa maki da kuɗin talabijin, da ƙyar ake kaiwa gare shi a manyan wasanni. Shi ya sa 'yan wasa ke yanke hukunci da ƙafarsu, kamar yadda Kevin-Prince Boateng ya yi a Janairun 2013, ya ɗauki ƙwallo ya doka ta cikin masu ihun, ya tuɓe riga ya fita, duk 'yan AC Milan suka bi bayansa, wasan bai ƙarasa ba.