The 39 Steps (wasan kwaikwayo)

The 39 Steps wasan barkwanci ne na dandamali da marubucin Birtaniya Patrick Barlow ya tsara, ya ɗauko shi daga fim ɗin leƙen asiri na darakta Alfred Hitchcock na shekarar 1935. Shi kuma fim ɗin an gina shi ne a kan littafin John Buchan na 1915.

Asali

Simon Corble da Nobby Dimon ne suka fara tunanin mutum huɗu kacal su buga labarin gaba ɗaya. Nasu tsarin ya fito wajajen 1995 zuwa 1996, ya zaga ƙananan garuruwan arewacin Ingila. Barlow ya sake rubuta shi, aka nuna a gidan wasa na West Yorkshire Playhouse da ke Leeds a 2005. A 2006 Maria Aitken ta ba da umarni a gidan wasa na Tricycle da ke Landan, daga nan wasan ya koma gidan wasa na Criterion a birnin, inda ya shekara tara ana buga shi har watan Satumba na 2015. Ya ci kyautar Olivier ta sabon wasan barkwanci a 2007. Ya isa Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa ta New York a Amurka, a farkon 2008, ya samu kyautar Tony biyu, ɗaya ta haske, ɗaya ta sauti.

Labari

Richard Hannay ya haɗu da wata mata, Annabella, a gidan kallo, ta ce masa ana farautarta. Kafin gari ya waye an soke ta da wuƙa a ɗakinsa. Ganin za a ɗora masa laifi, ya hau jirgin ƙasa zuwa Sikotland, ya tsere wa 'yan sanda a gadar Forth, daga baya ya tsinci kansa an haɗa hannunsa da na wata Pamela da ankwa ɗaya.

Tsarin wasa

A nan gwanintar take. Ɗan wasa ɗaya yana riƙe da Hannay daga farko har ƙarshe, mace ɗaya ta fito a matsayin mata uku, sauran maza biyun kuma su kwashi duk abin da ya rage, mutane sama da ɗari, har da tsofaffin mata. Wani lokaci hula kawai mutum zai sauya, yanzu shi ne ɗan sanda, ya juya baya ya zama mai sayar da jarida, yana amsa wa kansa tambaya. Akwatuna su ne kujerun jirgi, 'yan wasan na girgiza jiki kamar ana tafiya. Idan Hannay ya leƙa waje, da hannunsu suke kaɗa rigunansu a nuna iska. Farautar da jiragen sama suka yi masa da inuwa ake nuna ta a bayan farin ƙyalle. Zancen wasan cike yake da ambaton wasu finafinan Hitchcock, masu kallon da suka san su sukan gane nan take.

Wasu masu sharhi na ganin raha ta danne fargabar da fim ɗin ya ginu a kai.