Waiwaye: Tushen Gardamar Lafiyar Tattalin Arzikin Najeriya da Ratar da ke Tsakanin Masu Hali da Talakawa

Duk lokacin da gwamnati ta ce tattalin arzikin Najeriya ya fara murmurewa, sai a ji talaka yana tambayar inda murmurewar take, tunda mudun masara bai sauko ba. Wannan saɓani ya girmi yawancin masu yin sa a yau. Tun a 1950, lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, sanarwarta ta Sawaba ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa, wato tun kafin samun 'yanci tambayar ita ce wa ke cin moriyar dukiyar da manomin gyaɗa da na auduga ke samarwa.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun ɗan rufe wannan tambaya. Ƙarin albashin Udoji, wanda ya biyo bayan rahoton kwamitin duba aikin gwamnati na Jerome Udoji a 1974, a zamanin Janar Gowon, ya sa ma'aikata sun sayi babura da rediyo, amma farashin kaya ya tashi wa kowa, har da manomin da ba shi da albashi, kuma a daidai wannan lokaci ne dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace.

Inda gardamar ta fito fili sosai shi ne 1985, sa'ad da Janar Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ƙi, gwamnati ta ce ta haƙura da bashin, sai dai a 1986 ta ƙaddamar da shirin gyaran tsarin tattalin arziki na SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da aka ƙi: karya darajar naira, rage tallafi da sayar da kamfanonin gwamnati. Masu goyon bayan shirin sun ce magani ne mai ɗaci da ba makawa sai an sha, tunda farashin mai ya faɗi kuma bashi ya yi katutu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya fi shan ɗacin. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin masaƙa, waɗanda a da albashinsu ke ciyar da gida har a taimaki dangi na ƙauye, su ne suka zame zuwa sahun talakawa, yayin da masu hanyar samun dala da rahusa suka ƙara kuɗancewa. Zanga-zangar 1989 daga nan ta samo asali, kuma a shekarun da suka biyo baya masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

A watan Afrilun 2014 aka sake lissafin ma'aunin tattalin arziki, aka samu kusan dala biliyan 510, Najeriya ta zarce Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. Lissafin ba ƙarya ba ne, domin ya shigo da sassa irin su sadarwa da finafinai da tsohon ma'auni ya yi wa riƙon sakainar kashi, amma jimla ce kawai, ba ta nuna yadda aka raba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke.

Cire tallafin mai, wanda aka gwada a Janairun 2012 har lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin bore ya sa a mayar da ita 97, ya tabbata a ranar 29 ga Mayun 2023 da jawabin rantsuwar Shugaba Tinubu. Gwamnati na kafa hujja da ƙaruwar kason da jihohi ke karɓa, ƙungiyoyin ƙwadago kuwa na nuna cewa mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024 ya zo ne a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'aunin hauhawar, adadin ya koma kashi 24 da 'yan kai, aka kuma buɗe sabon babin gardama kan ko sauƙi ne ya samu ko mudun awon ne aka canza.