Me Ya Sa Wasu Ke Sa Wa Sabuwar Jif Tsohuwar Fuska?

A garejojinmu abin da aka saba gani shi ne a kawo Prado ko Land Cruiser mai shekara goma sha, a kwance fitilu da bamba, a ɗaura mata fuskar sabon yayi, ta fito kamar jiya aka sauke ta daga jirgin ruwa. A Japan da Amurka akwai masu yin akasin haka. Suna ɗaukar motar da ba ta tsufa ba, su kashe kuɗi don ta yi kama da ta zamanin kakanninsu.

Da gaske akwai mai biyan kuɗi don motarsa ta zama kamar tsohuwa?

Akwai, har sana'a ce. Kamfanin FLEX na Japan yana da sashe mai suna Renoca, inda ake ɗaukar Land Cruiser 100, wadda Toyota ta ƙera daga 1998 zuwa 2007, a sa mata gaban Land Cruiser 60 ta shekarun 1980. Suna kiran abin da ya fito 106. Wani kamfanin, DAMD, yana sayar da kayan da ake ɗaura wa Suzuki Jimny samfurin 2018. Ɗaya sunansa Little D, yana mayar da ita 'yar ƙaramar Land Rover Defender, ɗayan kuma Little G, mai kwaikwayon Marsandi G-Class.

To me ya hana su sayi tsohuwar kai tsaye?

Wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a Land Cruiser 60 ya san amsa. Kyakkyawa ce, ba musu. Amma sifirin ɗinta gaba da baya na faranti ne, irin na manyan motoci, kowane rami sai ƙugunka ya shaida. Ta farko mai injin fetur 2F, lita 4.2, da kafireto take aiki, giyarta huɗu, tana shan mai ba ta da sauri. Ba jakar iska, ba burkin ABS. Ga tsatsa da ke cin ƙasan ƙofofi da gefen rufi, ga wahalar samun kayan gyara bayan shekara arba'in. Ita kuwa 100 tana da injin fetur V8 mai lita 4.7 ko dizal mai lita 4.2, sanyinta na aiki, zamanta da laushi. Mutum yana son ya fito da safe ya ga fuskar da yake ƙauna tun yana yaro, kuma yana son ya murɗa makulli ta tashi. A ganina wannan buri ne mai ma'ana.

Me ake canzawa a jikin motar?

Galibi gaba ne: bonet, ragar gaba, fitilu, bamba, da ɓangarorin da ke saman tayoyi. Fitilun zamani masu lanƙwasa suna fita, masu zagaye su shiga. (Land Cruiser 60 ta fara da fitilu biyu masu zagaye, daga 1987 ta koma huɗu masu kusurwa, kuma kowace fuska tana da masoyanta.) Tambarin Toyota mai siffar ƙwai yana ba da wuri ga haruffan TOYOTA a shimfiɗe. Sai fenti, wanda shi ne rabin aikin: ruwan ƙasa, ruwan ƙwai, shuɗi mai haske, sau da yawa da farin rufi irin na tsohuwar Land Cruiser FJ40, wadda aka yi daga 1960 zuwa 1984. A ƙarshe a sa wilin ƙarfe da taya mai ɗan siranta.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa shi ne yadda aka gina waɗannan motoci. Bodinsu daban, shasinsu daban, an ɗora ɗaya kan ɗaya an ɗaure da noti. Yawancin abin da ke gaba kwancewa ake yi, ba yankewa ba. Abin da ba ya canzuwa shi ne kwanciyar gilashin gaba, faɗin mota da tsarin ƙofofi. Shi ya sa daga gaba za ka rantse ta 1985 ce, kana zagayawa gefe asirinta ya tonu.

Ina haɗarin yake?

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Gaban motar zamani ba ado ba ne kawai. Bayan bamba akwai na'urorin da ke jin karo su ba jakar iska umarnin buɗewa, kuma an auna su ne da bambar da kamfani ya sa. Idan aka yi waldar bambar ƙarfe mai kauri a wurin, yadda ƙarfin karon ke isa ga na'urar ya canza, jakar na iya buɗewa a makare ko ta buɗe babu dalili. A sababbin motoci kuma akwai rada da ke ɓoye bayan tambari ko raga, ita ke hango motar da ke gabanka ta taka burki da kanta. Ka toshe ta da farantin ƙarfe, ka makantar da ita.

Sai iska. Lagireto yana buƙatar iskar da ke shigowa ta raga, kuma raga mai kyau da ta rage hanyar iska za ta nuna halinta a kan tudu ranar zafi. Fitilu ma haka: akwai masu zagaye na banza da haskensu ke watsuwa, su kashe idon mai tahowa, kai kuma ba ka ga hanya ba. Bambar ƙarfe tana ƙara nauyi a kan sifirin gaba, tana kuma yi wa mai tafiya a ƙasa illa fiye da ta roba in an yi tsautsayi. Shasi kuwa, kada a bari kowa ya yanka shi don bamba ta zauna.

Darajarta tana tashi kamar ta tsohuwar asali?

A'a. Lambar shasi ita ke faɗin gaskiyar shekarun mota, kuma masu tara tsofaffin motoci asali suke nema. Ajiye kayan da aka cire, domin wata rana mai saye zai tambaye su. In an canza launi a gyara takardu, a kuma sanar da kamfanin inshora.

Kamfanonin motar ba su lura da wannan sha'awa ba?

Sun lura tuntuni. FJ Cruiser ta 2006 fuskar FJ40 ta aro. Ford ta dawo da Bronco a 2021 da fitilu masu zagaye irin na 1966. Land Cruiser 250 ta 2024 tana da nau'i mai zagayayyun fitilu. Wadda ta fi burge ni ita ce Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984 ba a daina ba, wadda duk wanda ya bi hanyar Agadez ya san ta. A 2007 an faɗaɗa gabanta don injin V8 ya samu wuri, fitilun suka canza, sai a 2023 Toyota ta mayar mata da masu zagaye.

Masu gyaran bodi na nan za su iya?

Hannun da ke mayar da Prado ta 2010 ta zama ta 2020 zai iya mayar da ita baya, domin aikin iri ɗaya ne. Matsalar ita ce kayan, waɗanda sai an yi odarsu daga waje, da kuma wanda zai kula da wayoyi da na'urori. Kafin a kwance noti ɗaya, tambayi mai garejin inda na'urar jakar iska take a motarka da inda za ta koma bayan an gama. In ya kasa nuna maka da yatsa, ɗauki motarka ka kai wani wurin.